Baƙin Ɗakin Inna Ɗelu

Ruwan bara ya cinye bangon ɗakin mahaifiyarmu, Inna Ɗelu, ta gefen da ke kallon tafki. Da kaka ta yi, yayana Abdoul Aziz, mai kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Jibiya, ya ce za a gyara. Ya tambaye ta wane fenti take so.

"A mai da shi baƙi, yadda ubanku ya yi mini shi ina amarya," in ji Inna.

Baƙi! Wa ke shafa wa ɗakin amarya baƙi? Mu dai tun tasowarmu kore muka san ɗakin. Abdoul Aziz ya ja ni zaure, ya ce, "Sadiya, tsohuwar nan ta fara ruɗewa. Ba a barin mai ruɗu ita kaɗai. Maradi zan kai ta, gidana."

Raina ya ɓaci sosai. Matar da ta san sunan jikokin kowa a Madarounfa, har na Safo, ita ce mai ruɗu? Na san kuma in aka raba ta da ɗakin nan an gama da ita. Amma me zan ce? Ni ma ban taɓa ganin baƙin ba, kuma duk sa'o'inta sun riga mu gidan gaskiya.

Ana cikin haka Bushira, 'yar Abdoul Aziz ɗin, ta zo hutu daga Yamai, inda take karatun gyaran tsofaffin gine-gine. Ta ji rigimar, ta ce, "Gwaggo, ai bango ba ya mantuwa. A tambaye shi mana."

Na ce, "Ke tafi can da iyayinki!" Amma na bi ta.

Ta zaɓi bayan ƙofa, inda rana ba ta kaiwa. Ta sa reza tana kankarewa a hankali, wurin bai fi tafin hannu ba, tana leƙawa da wani gilashi mai ƙara girman abu. Koren ya tashi, sai rawaya. Ƙarƙashinta farar ƙasa, shafi kan shafi. Uban yana tsaye da makullin mota a hannu, sai tsaki yake yi.

Can sai ga wani shuɗi mai duhu ya ɓullo, kamar rawanin da ya sha bugu. Bushira ta ɗan jiƙa wurin, ta ƙara dubawa.

"Baba, wannan ba fentin kanti ba ne, ya yi kama da shuni. Na ƙarshe ke nan, daga shi sai yaɓe."

"To ai shuɗi ne," in ji Abdoul Aziz. "Ita baƙi ta ce."

Inna ta taso da sandarta, ta sunkuya, ta dafa bangon, ta kai fuska dab da shi.

"Ga shi kuwa. Baƙi ne. Ubanku marini ne kafin ya koma fatauci. A karofi, wurin rini, in zane ya sha ruwan baba ya ƙoshi, wa ke ce masa shuɗi? Baƙi ake cewa. Shuɗi na wanda bai iya biyan kuɗin turi, rini na gaske, ba ne."

Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Mun girma muna jin ana cewa baƙar riga, ba mu taɓa haɗa ta da bango ba.

Bushira ta kankaro ɗan ɓarɓashi ta ƙunshe a takarda, ta ce da wannan za a gwada har a haɗa launin daidai. Abdoul Aziz ya durƙusa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Za a yi miki baƙinki. Zancen Maradi kuma an bar shi."

Inna ba ta ɗauke hannunta daga bangon ba.

"Allah ya yi maka albarka, Abdu. Amma in na sake faɗin abin da ba ku gane ba, ku tambaye ni. Zauren nan ba nisa gare shi ba, duk abin da kuka faɗa a kaina ina ji."