Sau Uku Aka Gwada Zauren

Shekararta goma sha takwas tana shirya wa mutane taro, kuma ba a taɓa jin abinci ya makara ko kujera ta kasa a taron da ta riƙe ba. Ƙannenta ne suka laƙaba mata Yaya Jadawali, sunan ya bi ta har wurin aiki. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin fenti, da tebur biyu, da ma'aikata biyu, da taga mai kallon titi. Duk aikin da ta karɓa, sai ta manna doguwar takarda a bango, ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta jera matakai: kama zaure, buga katin gayyata, ado, abinci, jawabai. Ba ta taɓa mataki na huɗu sai na uku ya kammala ta soke shi da jan biro.

Wata Litinin da hantsi aka ji sanda tana ƙwanƙwasa matakala ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa ce ta shigo da farar sanda a hannu, ta yi sallama, ta laluba kujera ta zauna. Ita ce shugabar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar makafi. Makarantar za ta cika shekara hamsin, suna son su haɗu, mutum wajen ɗari uku, nan da mako goma.

"Wasunmu rabonsu da juna tun muna 'yan shekara sha biyar," in ji ta. "An ce mini ke ba kya kuskure."

"Ana dai ƙoƙari, Malama."

Kwana uku ta yi tana zana takardarta. Ranar da Malama ta dawo, Yaya Jadawali ta miƙe gaban bango da biro a hannu, ta ce, "To kin ga nan..." Sai ta tuna da wa take magana.

Malama ta tuntsire da dariya. "Ban gani ba, 'yar nan. Karanto mini."

Ta karanto. Ƙyallen maraba mai tsawon mita shida a bakin ƙofa. Furanni a kowane tebur. Katin suna gaban kowace kujera. Majigi da zai nuna tsofaffin hotunan makaranta.

"Ma sha Allah," in ji Malama. "To wa zai kalla?"

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi shiga jiki. Bayan ta tafi, Yaya Jadawali ta daɗe a tsaye tana duban takardar. Babu kuskure ko ɗaya a jerin. Taron wasu mutane ne kawai ta tsara, ba na waɗannan ba.

Ranar Asabar da la'asar ta je gaida Umma, ta tarar da autansu zaune a tsakar gida yana shan shayi. Auta manhajar waya yake rubutawa a wani kamfani, kuma tun yana yaro ba ya iya jin matsala ya yi shiru. Tana gama ba Umma labari ya ajiye kofi.

"Yaya, hanya uku ce ake bi da aiki. Ta farko ita ce taki, bi-da-bi, kin san ƙarshen tun daga farko. Ba ta da laifi idan kin san abin da kike yi sarai. Ta biyu, ki yi abu ƙarami, ki ba masu shi su gwada, su kushe, ki gyara, ki sake kawowa. Ta uku ita muke yi a ofis, ajayil muke ce mata. Ba a tsara wata uku a zama ɗaya, mako-mako ake tafiya. Kowane aiki a kan 'yar takarda, kowace safiya a tsaya minti goma kowa ya faɗi inda ya kwana, abin da ya fi matsa wa mutane a dawo da shi sama."

"Wato shiririta ce aka raɗa wa suna."

"Wallahi tana aiki. Ki yaga takardar nan ki bar komai a buɗe. Ko motocin ɗaukar baƙi kar ki kama sai kin ga yawan masu zuwa."

"Kai Auta, manhajarku idan ba ta gamu ba sai ku ɗaga ranar. Ni ranar taro ba ta motsi. Mutum ɗari uku za su sauko daga mota, ko na shirya ko ban shirya ba."

Umma, wadda ke gyaran zaren carbinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kowa a cikinku rabin magana yake riƙe da ita, amma ku ci gaba, ina jin daɗi."

Ran Litinin Yaya Jadawali ba ta yaga takardar ba, almakashi ta sa mata. Abin da ta sani kamar tafin hannunta, wato zaure, da motocin bas shida, da mai girki, da ma'aikaciyar jinya da za ta zauna ko-ta-kwana, ta bar shi a kan layi, ta gama shi cikin makon farko. Abin da ba ta sani ba, wato yadda cikin zauren zai kasance, ta roƙi Malama ta ba ta aron mutum shida su zo su gwada. Sauran kuma, wa zai zo, wa zai yi magana, me za a yi da wane lokaci, babu wanda ya sani tukuna, har Malamar. Wannan ta bar wa 'yan takardun Auta. Shi da kansa ya kawo su, rawaya da kore, ya manna a jikin ƙofar kabad yana ta murmushi.

Gwajin farko an yi shi a mako na uku. An jera tebur goma kamar ranar taro, mutum shida suka shigo da sandunansu. A cikinsu akwai wani mai gyaran rediyo, dogo, mai baki, wanda ba ya tauna magana.

"Hajiya, wannan kafet ɗin ya cinye mana hanya. Sanda ba ta ƙara a kansa, kamar a kan katifa muke tafiya."

Bai rufe baki ba sandar wata mata ta sarƙe a rigar tebur mai jan ƙasa, kofuna suka zube. Lasifikar da aka kafa a bakin ƙofa kuwa, suka ce in ta kama aiki babu wanda zai gane muryar ɗan'uwansa. Yaya Jadawali ta cika shafi huɗu da rubutu.

A gwaji na biyu an naɗe kafet, an rage rigunan tebur, lasifika ta koma can ciki. Ta kuma ƙara wata dabara tata da take alfahari da ita: igiya daga ƙofa har wurin zama, mai shigowa ya riƙe ya bi. Mai gyaran rediyo ya shafa igiyar.

"Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma mu da muke hawa mota mu sauka mu kaɗai, mu aurar da 'ya'ya, yau a sa mu a layi da igiya? Ki cire ta. Ki shimfiɗa siririyar tabarmar roba a tsakiyar hanya, ƙafa za ta ji."

Ta cire da hannunta, ta ba su haƙuri. Matar da ta zubar da kofuna ta ce, "Ba komai. Ke dai kina tambaya. Yawanci ba a tambayarmu."

A gwaji na uku ne aka warware maganar katin suna. Su suka kawo shawarar a ajiye ƙaramin makirufo kusa da shiga, duk wanda ya iso ya faɗi sunansa da shekarar da ya gama, 'yan ajinsu su kira shi zuwa teburinsu.

'Yan takardun jikin kabad kuwa kullum cikin yawo suke. Jawabai bakwai suka koma uku. Majigi ya sauka ƙasa, ya fita gaba ɗaya, wani kaset na waƙar ɗalibai da aka tono a ɗakin ajiyar makaranta ya haye sama. Saura kwana tara Malama ta bugo waya tun kafin a buɗe kantin fenti.

"An samo Inna. Tana raye."

Inna ita ce matar da ta kula da ɗakin kwanansu shekara talatin. Ta yi musu wanka, ta yi jinyarsu, ta zane masu zanewa. Kowa ya ɗauka ta rasu. Ashe tana wurin jikarta a wata unguwa can bayan gari, a keken guragu, kuma ta ce ko a kan katako ne sai an kawo ta.

Da a tsohon tsarinta ne, an riga an buga jadawalin taro, an rufe. Yanzu kuwa tsayuwar minti goma da suke yi kowace safiya ta isa. Aka ɗauki sabuwar takarda aka rubuta Inna, aka sa ta a saman kowa. Kafinta ya yi gangara a gefen dandamali, jawabi ɗaya ya sake fita don a ba ta fili.

A makon ne kuma Auta ya zo ofis yana sosa ƙeya. Wani babban taron kamfanoni ya faɗo rana ɗaya da nasu, babu bas ko ɗaya da ta rage ta haya a garin.

"Yaya, da kin bi tawa a kan motocin nan, da a ƙafa za su zo."

"Da na bi tawa a kan sauran, da furanni da majigi za su tarar. Na gode, Auta." Ba ta saba faɗa masa haka ba, shi ma bai san inda zai sa fuskarsa ba, sai ya hau gyara takardun da ba su karkace ba.

Ranar taro, daga ƙarfe tara makirufon ƙofa bai huta ba. Mutum ya faɗi sunansa, sai ihu ya tashi daga wani tebur, "Nan! Nan, ɗan banza, kana raye?" Dattawa masu furfura suna kiran juna da sunayen tsokana na yarinta. Yaya Jadawali tana tsaye jikin bango, babu abin da ya rage mata ta yi.

Da aka turo Inna kan dandamali ba a sanar da kowa ba. Aka miƙa mata makirufo, ta gyara murya, ta daka tsawa da 'yar muryarta da ta tsufa:

"Wa ya bar takalminsa a hanya?"

Sai mutum ɗari uku suka miƙe. Wasu na dariya, wasu na kuka, mai gyaran rediyo yana ta faɗin, "Ba ni ba ne, Inna, wallahi ba ni ba ne!" Aka yi kusan awa ana bin tabarmar roba ɗaya bayan ɗaya ana zuwa a riƙe hannunta.

Kafin a watse Yaya Jadawali ta nemo mutum shidan nan, ta gode wa kowa shi kaɗai. Malama ta kama hannunta ta riƙe, ta yi mata addu'a.

Da la'asar ita ta mayar da Inna gida a motarta, jikar na zaune a baya da keken a naɗe. Tun daga fitowa tsohuwar ta fara lissafo yaranta. Wannan har yanzu yana in'ina idan ya ji daɗi. Wancan mura ke damunsa, ya kamata a gaya wa matarsa. Wata kuma muryarta ta yi ƙiba, alamar gidan miji ya karɓe ta. Da suka iso mahaɗar da za a juya zuwa unguwarsu, Inna ba ta kai rabi ba. Yaya Jadawali ta dubi jikar ta madubi, jikar ta gyaɗa kai, sai ta wuce kwanar ta bi doguwar hanya, ta rage gudu.