Ranar da Mata Suka Bar Mana Yara a Majalisa

Shekarar da gwamnati ta aiko wa ƙauyenmu kuɗin raya gari, mai garinmu, Umda Shihata, ya kafe sai an gina ƙofar shiga gari da zakuna biyu na siminti. Mutanen tsallaken kogi suna da irinta, abin ya daɗe yana ci masa rai. Mu 'yan majalisa bakwai duk muka gyaɗa kai. Ni har shawara na kawo a sa wa zakunan fitila a ido.

Sai ga Bahiyya ungozoma a bakin zaure. Rabin garin nan a hannunta aka haife su.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, asibitinmu ba gadon awon ciki, allurar tazarar haihuwa kuma ta ƙare tun azumi. Komai sai mata sun je birni."

Umda ya ce, "To ba ga mota ba, Inna Bahiyya? Tafiyar awa biyu ce fa. Ki bari sai baɗi."

"Shi ke nan, za mu je."

Ranar Talata da hantsi muna shan shayi, za mu sa hannu a takardar ƙofa, sai ga mata sun fi arba'in, kowacce da nata. Suka sauke mana yara a zaure. Matata Tafida ta miƙo mini tagwaye, ta ɗora mini na goye a cinya.

"Ina zuwa haka?"

"Birni, awo. Umda ya ce awa biyu ce, Baban Tagwaye. Yanzu za ka gan mu."

Kafin azahar wani cikin yaran ya tsoma hatimin majalisa a cikin shayi. Wata ta yi fitsari a kan zanen ƙofar. Jikan Umda ya warware masa rawani ya ruga da shi. Alhaji Mitwalli mahauci, mai 'ya'ya tara, ya yi ta rarrashin wani yaro yana tambaya, "Wannan ɗan gidan wa ne?" Aka ce masa nasa ne.

Sai bayan la'asar suka dawo, suna hira suna cin gyaɗa.

Bahiyya ta ce, "Layi ya yi tsawo, rabinmu ba su ga likita ba. Alhamis za mu koma."

Umda ya dube ni, kansa ba rawani, jaririya na barci a kafaɗarsa. Murya ƙasa-ƙasa, don kada ta farka, ya ce, "Abdulmaujud, ɗauko sabuwar takarda."

Ba wanda ya yi musu. Aka sayi gado da magunguna, aka samo likita mace tana zuwa sau biyu a mako. Tafida ce ta uku a layi ranar da aka buɗe. Na goyen nan bana ya shiga makaranta, har yanzu kuma shi ne auta.