Taro a Kan Kajin Kaka

Kwalejinmu ƙarama ce, a tsakiyar gonakin masara take. Idan ka yi atishawa a ɗakin karatu da safe, kafin rana ta yi tsaka wani zai tare ka a hanya ya yi maka sannu da mura. Amma duk ƙanƙantarta, kowa da wurin zamansa. 'Yan ƙwallo suna da teburinsu a babban ɗakin cin abinci, 'yan wasan kwaikwayo masu baƙaƙen kaya suna da nasu, waɗanda suka zo daga ƙasashen waje kuma suna can bakin taga suna kukan rashin yaji. Mu da muke ganin mun fi ƙarfin wannan rabe-raben, sai muka ware gida guda namu na kanmu.

A gidan nan mu ashirin da 'yan kai ne, mu ke dafa abincinmu, mu wanke tukwanenmu. Dokokinmu biyu ne. Nama ba ya shiga kicin. Sannan ba a yanke magana da rinjaye, sai kowa ya yarda. Idan ana taro, wanda magana ta yi masa daɗi ba ya tafi, sai ya ɗaga hannu ya kaɗa yatsu. Wanda bai yarda ba kuwa sai ya harɗe hannuwansa a ƙirji, shi ke nan maganar ta mutu, ko da shi kaɗai ne. Mun taɓa cinye yammaci guda a kan ko za a canza sabulun wanke-wanke, kuma har yau tsohon muke saye.

A wannan shekarar ni ce mai jan taro, kuma ɗaki ɗaya muke da Pakou Vang, 'yar ajin farko. Ita 'yar ƙabilar Hmong ce daga birnin St. Paul, iyayenta kayan lambu suke nomawa suna kai wa kasuwa. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba ka jin bakinta sai an taɓo maganar duwatsu. Darasin da ta fi so ke nan, har ta cika mana bakin taga da tsakuwoyi, kowace da sunanta. Wakenmu da ganyenmu dai ba su karɓe ta ba. Ta rame, ni ma na gani, amma duk ɗan ajin farko ramewa yake yi a gidanmu, don haka ban ɗauke shi wani abu ba.

Wata Asabar da safe na dawo daga wanka na same ta zaune a bakin gado, ta ƙura wa wayarta ido.

“Lorna, kakata tana hanya,” in ji ta. “Ita da Kawu Tong. Ta gan ni a waya ta ce na zama kara. Ta taho da kaji za ta dafa mini.”

“To ai abin murna ne. Ke da kike ta mafarkin romo?”

“Ba ki gane ba. Kawu ya ce ta sa an cire kujerar baya, don kayana su samu wuri. Ta ce idan ta ga wurin nan ba na mutane ba ne, da ni za ta koma. Akwai makaranta kusa da gida.” Ta ajiye wayar. “Idan Kaka ta ce na tashi, babu wanda zai ce a'a, har babana. Kuma ni ba na son tafiya, Lorna. Yanzu ta zo da tukunyarta a ce mata an hana?”

Na saba da yarinyar nan, har tsakuwoyin nata na fara sanin sunayensu. Na fita da tawul a ka ina buga ƙofofi, ina kiran taron gaggawa.

Kafin mu gama taruwa a falo motar ta iso. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ta sha ɗankwali mai furanni, amma tafiyarta ta mai gida ce. Muka gaishe ta, muka ba ta kujera a baranda tare da Kawu Tong, muka ce ta ɗan huta, yanzun nan za mu gama. Allah ya yafe mana wannan “yanzun nan”.

Na gabatar da magana: a ɗage dokar nama na yini ɗaya. Yatsu suka tashi ko'ina suna kaɗawa, har na fara murmushi. Sai na waiwaya na ga Thaddeus. Dogo ne siriri, ɗan wani likita daga Boston, rabonsa da nama tun yana firamare. Ya harɗe hannuwansa a ƙirji, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

“Haba Thaddeus!” na ce. “Yini ɗaya fa!”

“Ba da ita nake ba,” ya ce. “Amma tukwanen nan ne kaɗai a duk makarantar da na san abin da ya shiga cikinsu.”

“Kai dai ka cika tsarki,” in ji Desmond, ɗan Atlanta. “Amma tsaya. Bara da mahaifiyata ta zo da haƙarƙarin da ta gasa, a mota muka ci shi kamar ɓarayi. Wa ya kira mata taro? Ba ƙi nake yi ba, tambaya nake.”

Gaskiya ya faɗa. Sai Samira, 'yar Dearborn, ta gyara mayafinta ta ce ita dokar nan ce ta kawo ta gidan. A nan ne kawai take zuba abinci ba tare da ta tambayi ko akwai naman alade ba. Ba ta ƙin kaji, amma idan aka buɗe ƙofa yau, gobe me zai shigo? Ita ma yatsu suka tashi mata, har da na wasu da suka kaɗa mini ɗazu.

Daga nan taro ya kama hanyar da ya saba. Willa, mai karanta ilimin zamantakewa, ta ce kalmar “izini” ma raini ce, wa ya ba mu ikon ba wa tsohuwa izini? Wani ya ce a sayi tukunya ta musamman. Wata ta ce warin fa, shi ma tukunya za a saya masa? Aka kawo shawarar kafa kwamiti, aka shiga gardamar su wa za su zauna a ciki. Kowa yana son ya nuna ya fi kowa girmama al'adar Pakou. Ita kuwa tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ta rungume gwiwoyinta, kuma duk cikinmu babu wanda ya tuna ya tambaye ta ko me take so.

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe. Tsohuwa ta gaji da leƙenmu ta taga, ta shigo, Kawu Tong yana biye da ita yana share zufa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa Pakou magana da yarensu, shi kuma yana juya mana.

“Tana tambaya, wai rasuwa aka yi ne, ko aure za a ɗaura?”

Pakou ta sunkuyar da kai. “Kaka, maganar kajinki ake yi.”

“Duk waɗannan? Tun ɗazu?”

“E, Kaka.”

“Ba su da aikin yi ne?”

“Suna da shi. Wannan jarrabawa gare ta jibi. Wancan ma wasa gare shi yau, bai je ba.”

Tsohuwa ta sake duban mu. Ta nuna Thaddeus da haɓa. “Wancan mai naɗe hannu fa, sanyi yake ji?”

“Shi ne bai yarda ba. Kuma in mutum ɗaya bai yarda ba, ba a yi.”

Na runtse ido, na ce shi ke nan, mun rasa Pakou. Sai na ji tsohuwa ta fashe da dariya, har tana dafa kafaɗar ɗanta. Kawu Tong ya ce wai haka dattawan danginsu suke yi. Su zauna tun safe a kan maganar da mata suka riga suka gama, wani tsoho ɗaya ya kafe, shinkafa ta huce. Ba ta taɓa zaton Turawa ma suna da wannan ciwon ba.

“Kuma ta ce wa ya gaya muku kicin ɗinku take so?” ya ƙara. “Ita ba ta taɓa girki a murhun wata ba. Da nata ta zo.”

Ashe tun muna kan maganar kwamiti ya kafa mata murhun gas a bayan mota, romo har ya tafasa.

Muka fita tsakar gida kamar yaran da aka kama da laifi. Kaza ce da ganyayen da ta tsinko a lambunta, ga shinkafa mai danƙo a cikin kwando, ga kabewa da aka dafa ba gishiri ba mai. Samira da Thaddeus suka tsaya a kan shinkafa da kabewa, tsohuwa ta ƙara musu ba ta tambayi dalili ba. Desmond ya sha romo har ya ce a kira mahaifiyarsa a gaya mata an rama mata. Ƙamshi ya jawo 'yan ƙwallo biyu da ke wucewa, su ma aka miƙa musu kwano. Pakou ta ci, ta ƙara, ta sake ƙarawa, kakarta tana tsaye a kanta.

Da aka gama, tsohuwa ta ciro dunƙulen farin zare daga jakarta, ta yanka shi gajere-gajere. Ta kama hannun jikarta ta ɗaura mata ɗaya a wuyan hannu tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Kawu Tong ya ɗaura nasa. Sannan ta ɗaga sauran zaren ta dube mu. Ya ce a wurinsu duk mai ƙaunar mutum yana ɗaura masa, ya yi masa fatan alheri, amma ba dole ba ne.

Ba a kira taro ba. Layi kawai aka yi. Samira ta ɗaura ta ce Allah ya ba ta lafiya. Willa ta fara dogon jawabi, aka ce ta taƙaita. Ni da layi ya zo kaina, na ƙulle nawa tam. Thaddeus ne na ƙarshe, ya ɗaura nasa ya ce, “Ki zauna mana, don Allah. Ba ke na ƙi ba.” Pakou ta ce ta sani. Zare ya taru a hannunta har ya kusa kai gwiwar hannu.

Tsohuwa ta juya hannun nan ta duba shi sama da ƙasa, ta daɗe tana kallo. Kawu Tong ya tambaye ta a hankali ko ya hau ya fara sauko da kaya. 

Ta girgiza kai, ta yi magana, shi kuma ya yi dariya kafin ya juya mana.

“Ta ce in za ta tafi da ita yanzu, sai ta nemi yardar duk wanda ya ɗaura zaren nan. Kuma ta ga yadda kuke yanke magana. Ita tsohuwa ce, ba ta da wannan lokacin.”

Pakou ta faɗa jikin kakarta ta rushe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba duk zamanmu. Tsohuwa tana bubbuga bayanta tana yi mata faɗa, wai ta bari, za ta jiƙa zaren mutane.