Waƙar Zulema a Bakin Direba

Zulema Guaymás ta daɗe tana waƙa kafin duniya ta waiwaye ta. A gonakin inabi na Cafayate ta fara haɗa baitoci tana tsinka, daga nan sai gidajen biki da gidajen abinci, ita da jitarta kawai, ba ganga ba 'yan amshi. Sai ga shi bana babban zauren wasanni na birnin Salta ya ba ta rana ita kaɗai, kuma ana gobe wasan aka bugo mata waya cewa tikiti ya ƙare ƙaf.

Da wannan albishir ta shiga bas zuwa Salta, tare da yayanta Fermín, wanda ya ci sabuwar riga kamar shi zai hau dandamali. Zama ma gagararta ya yi don murna.

Suna ratsa jajayen duwatsu sai direban, wani dattijo mai suna Don Eusebio, ya soma rera waƙa. Zulema ta kasa kunne, tsigar jikinta ta tashi. Waƙarta ce ta mai tsinkar inabi.

Ta leƙa gaba ta ce, "Baba, ina ka samo waƙar nan?"

"Wannan? Ai ta girme ki, 'yata. Kakata ce ke yi mana ita tana daka masara."

Fermín ya miƙe zumbur. "Kakar wa? A tsakar gidanmu aka yi waƙar nan, ina zaune ina gyaran keke! Ga mai ita nan!"

Direba ya ce, "Zauna, ango, kada rigar ta yamutse."

Mota ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa mai kwandon cukwi ta ce ita ma tun tana budurwa ta san waƙar. Fermín ya shiga rantse-rantse, Zulema kuwa dariya take har da hawaye. Ta janyo jita ta ɗora a cinya.

Tana taɓa tsirkiya fasinjoji suka ɗauka, har da masu buga kujera. Suka yi baiti na ɗaya, suka yi na biyu, sai suka tsaya, don iyakar abin da rediyo ke sawa ke nan. Ita ta wuce. A baitin ƙarshe ta ambaci sunan mahaifiyarta da gonar da ta yi wa aiki har bayanta ya ranƙwafa.

Don Eusebio ya gangara gefen hanya ya taka birki, ya juyo. "Ke ce da gaske?"

"Ni ce, Baba."

Ya sosa ƙeya. "To na rantse, da muryar kakata nake jin ta."

Zulema ta ce, "Ka bar mata kayanta, na yafe. Amma gobe ka zo Salta ka ji sauran."

"Gobe ina da lodi."

Tsohuwar ta ce, "Lodin lafiya! Motar ba ta da wani direban ne?"

Washegari Don Eusebio ya zo, da matarsa da 'ya'ya da jikoki, ga tsohuwa mai cukwi a bayansu. Babu sauran kujera ko ɗaya a zauren, sai Zulema ta sa aka jera musu benci a gefen dandamali.

Da aka kira sunanta, sai ta miƙe. Ta fito ta ga kawuna har can saman bene, ana ta tafi kamar ruwan sama a kan kwano. Ta zauna ta gyara jita. Kafin ta buɗe baki, zauren gaba ɗaya ya ɗauki waƙar. Sai ta bar musu, tana kaɗa musu kawai tana dariya, Fermín kuwa yana bayan labule yana tsalle yana share ido da hannun riga.