Ƙwan Hajiya Kaza Ya Tafi Sama

Jiya da dare wani mafarki na yi. Wai ga ni a ofishin ƙungiyar masu harba roka, da 'yar rokata ta kwali a hammata. Wata kaza ce a bayan tebur, ta ɗora tabarau a baki.

"Malam Sabi'u, injin nan saya ka yi, ko kai ka kwaɓa?"

"Saya na yi, Hajiya."

"Madalla. Wanda ya kwaɓa nasa a gida bara, har yau girarsa ba ta sauko ba."

Ta miƙe, ashe a kan ƙwai take zaune. Ta turo mini shi, ta ce, "Autana ne, shi za ka ɗora. In ya je sama ya dawo lafiya, ka zama ɗan ƙungiya. In ya fashe, ko a hanya kada ka gaishe ni." Ni kuwa ko kofin shayi ba ya kwana biyu a hannuna.

Sai ga mu a fili. Turakun lantarki sun zo kallo, aka ce su matsa, suka tafi suna gunaguni suna jan wayoyinsu. Busasshiyar ciyawa ma aka sallame ta. Na naɗe ƙwan a auduga, na ninke 'yar laimar da za ta sauko da shi, na cusa su cikin rokar. Aka tambayi iska ko tana da niyyar fitowa, ta ce sai bayan la'asar.

Muka ja baya taku talatin da doguwar waya. Aka fara ƙirga daga biyar zuwa ƙasa. Uku ta makara, sai da muka jira ta. Na danna maɓallin harbawa. Shiru.

Na zabura zan je in duba, wani kunkuru mai hular kwano ya take mini silifa.

"Ina zuwa? Rokar da ta ƙi tashi ba a matsa mata sai bayan minti guda. Shawara take yi."

Aka kawo mintin a faranti, muka zauna muka cinye shi, da ɗan yaji. Sannan kunkuru ya gyara waya, na sake dannawa.

Fuuu! Roka ta yi sama, ta huda wani gajimare, ya ce ba komai. Laima ta buɗe. Ga ƙwai yana saukowa a hankali, yana yi wa jama'a sallama. Hajiya Kaza ta damƙe hannuna da fiffike tana cewa, "Dubi yadda ya yi haske! Tafiya ta karɓe shi!" Daɗi ya kama ni har da hawaye. Saura kamu ɗaya ya taɓa ƙasa, sai na ji ƙwas!

Na buɗe ido. Matata Barira ce a bakin murhu, ta fasa ƙwai a gefen kasko.

Na ce, "Haba Barira, saura fa kamu ɗaya."

Ta dube ni, ta ce, "To, in sa albasa ko kada in sa?"