Allurar Nini Warsih

Na'urar ta yi kuka a bakin ruwa, na durƙusa ina ɗibar yashi da rariya, sai na ji ana ƙwala mini kira daga wajen rumfunan masu gasa kifi.

"Bi Onah! Bi Onah, don Allah ki zo!"

Kokom ce, 'yar maƙwabciyata Nini Warsih, a guje ba ko takalmi. Na girgiza rariyar, murfin kwalba ne. Sana'ata ke nan tun rasuwar mijina. Mutanen birnin Bandung su zo garinmu Pangandaran hutun Sallah, su faɗa teku, zobba su sulluɓe, ni kuma in bi sawunsu da sassafe da na'urar neman ƙarfe. Murfi na fi samu, amma wanda bai da haƙuri ba ya cin wannan abinci.

"Uwar taki ta cika?" na tambaye ta.

"Ina fa! Da ta cika ai ta huta. Bi, ki taho da injinki."

"Injina? Neng, uwarki bakin teku ce?" Neng muke kiran 'ya mace a nan.

"Allurar za ki nemo mana."

Duk unguwar an san zancen. Nini Warsih 'yar rawar ronggeng ce a ƙuruciyarta, kyakkyawa ta fitar hankali, har an ce wani masunci ya sayar da jirginsa don ya yi ta rawa da ita. Mutane suka yanke cewa boka ne ya sa mata susuk, allurar zinare a ƙarƙashin fatar fuska. Mai susuk kuwa ba ta mutuwa da sauƙi, rai yakan zo maƙogwaro ya tsaya har sai an cire. Bokan da ake zargi ya daɗe da zama ƙasa, ita kuma ga ta kwana da kwanaki tana gargara.

Da muka isa, ɗakin Nini Warsih na warin man zafi da zogale. Mata sun yi mata wanka da ruwan ganyen, sun bubbuga mata shi a jiki kamar yadda aka saba, don an ce zogale na karya susuk, an karanta Yasin har muryoyi sun dushe. Duk da haka numfashinta na fita da ƙara, ya tsaya har mu ce shi ke nan, sai ya sake dawowa.

Ina kunna na'urar ta dinga ihu, don gadon ƙarfe ne. Muka ɗauko tsohuwar, ba ta fi nauyin yaro ba, muka shimfiɗa ta a tabarma a tsakar gida. Na sa mata suka ja baya da awarwaronsu. A nan na ga abin da ke hannun Kokom: reza sabuwa.

"Wannan fa?"

"Ki nuna mini wurin kawai, ni zan tsaga."

"Kin haukace? Fuskar uwarki?"

"To in zuba ido? Ba kya jin yadda take yi? Wallahi ba zan iya wani yinin ba, Bi, ba zan iya ba!"

Na san yarinyar nan tun tana tsirara. A makaranta 'yar mai allura ake ce mata. Tana girma ta gudu Bandung, ta auri malami, sai dai ta aiko da saƙo. Ko da ta dawo jinya, na lura daga nesa take miƙa cokali, ban taɓa ganin ta shafa fuskar uwarta ba. Haushinta nake ji a da. Ranar kuwa tausayinta ya kama ni, da tsoro kuma, don in na'urar ta yi ko da ƙis, jini zai zuba.

Na zare wayar kunnen na'urar don kowa ya ji kukanta da kansa. Na kai farantin da ke bakin sandarta kusa da ɗan kunnen Kokom, ya yi kuka. Sannan na bi da shi saman goshin tsohuwar a hankali. Shiru. Kumatu, haɓa, wuya, ƙirji, har tafin ƙafa. Shiru.

"Ki sake!"

Na sake.

"Batirin ne ya mutu!" Ta fizge sandar ta kai kunnenta, na'urar ta yi kuka. Ta mayar kan uwarta, tana yawo da ita kamar mai shara, tana cewa, "Tana nan, dole tana nan. Ya Allah, in babu to me ya riƙe ta?"

Ni na san abin da ba su sani ba. Na'urata takan tsallake siririyar sarƙa a yashi, balle allura mai kaurin gashi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga idon Nini Warsih a buɗe, leɓɓanta na motsi.

"Neng, magana take yi. Matsa."

Kokom ta tsaya turus, sannan ta sunkuya har kunnenta ya taɓa bakin uwarta. Tsakar gidan ya yi tsit, har mu ma muka ji.

"Babu komai... ba wanda ya sa mini. Haka Allah ya yi ni."

"Ma! To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Tsohuwar ta daɗe tana tattaro numfashi.

"Wa ya tambaye ni?"

Na rufe bakina da abin da na sani, na kashe na'urar. Kokom ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Ta tallabi fuskar da hannu biyu, tana shafa goshin, tana shafa kumatun, tana cewa, "Ki yafe mini, Ma, ki yafe mini." Wata mata ta fara laƙana kalmar shahada, muka amsa.

Gargarar ta yi ta raguwa. Kafin azahar numfashin ya tsaya, muka jira ya dawo kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Matan suka dubi juna. Kokom na durƙushe a tabarma, kumatunta a kan na uwarta, babban yatsanta na ta kai da komo a kan girar.