Sifirin Ɗin Da Tegan Ta Ɓoye

Tegan na cikin ba 'yarta Nell kunu ta ji ƙarar inji ta tsaga safiya. Ba ta tarakta ba ce. Wata tsuwa ce mai hawa sama, tana hawa, tana hawa, sai aka ji gaf! kamar an doka guduma kan ƙarfe, sannan shiru.

Ta yar da cokali, ta naɗe yarinyar cikin bargo ta goya, ta zura takalmin roba ko safa babu. Dusar ƙanƙara ta rufe gona har ƙauri. A wannan gefen na garin Adaminaby, a Ostareliya, ba ta wuce kwana uku a ƙasa, wata shekarar ma ba ta leƙowa.

Ta iske maƙwabcinta Baba Reino a gicciye a bakin gareji, hularsa can gefe. Babur ɗinsa na ƙanƙara ya cusa hanci cikin damin ciyawa yana hayaƙi.

"Baba! Ina ka buge?"

"Sajan ta iso," ya ce yana haki. "Har da Kofur a baya. To, a kama ni."

"Ba wasa nake ba. Ɗaga hannun nan in gani."

Ya ɗaga. Babu karaya, amma leɓensa ya yi shuɗi, kuma sai da ta saka kafaɗa ya iya tashi.

Shekararsa tamanin da huɗu. Yana saurayi ya baro Finland ya zo haƙa ramuka a ƙarƙashin duwatsun nan lokacin da ake gina madatsun ruwa, daga baya ya yi shekaru yana zagayen duba bututu a kan irin wannan babur. Shekara biyu da suka wuce ya tsinci gawar wannan a rumbun wani, kaji na ƙwai a kan kujerarsa. Ya kwance shi ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya fente. Burinsa ɗaya, ya hau tudun bayan gidansa ya ga ruwan madatsa daga sama, abin da ƙafarsa ta daina ba shi tun shekara biyar. Amma likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma 'yarsa Kaisa ta bugo wa Tegan waya daga Melbourne tana kuka: "Don Allah kada ki bari ya hau abin nan."

"Kulocin ne," in ji Reino, yana ɗaga murfin injin. "Dubi ja'irin sifirin nan ja. Na masu tsere ne, tauri gare shi. Ba ya barin kuloci ya kama bel sai inji ya kai maƙura, in ya kama kuma sai ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Na yi odar mai laushi, ruwan ɗorawa, sati uku ke nan. 'Yan gidan waya sun cinye shi da burodi."

Tegan ta sunkuyar da kai. Ita ke ɗauko masa wasiƙu daga akwatin bakin titi tun da aka hana shi tuƙi. Ƙunshin ya zo kwana goma da suka wuce. Ta girgiza shi, ta ji ƙarfe, ta karanta abin da aka rubuta a jiki, ta tura shi bayan gwangwanayen madarar Nell. Lissafinta, in babu wannan abu babur ba zai motsa ba, ƙanƙara ta zo ta wuce, kowa ya huta. Ba ta san ba hana babur ɗin tafiya ta yi ba, mai da shi mahaukaci ta yi.

"To yanzu ka haƙura ke nan," ta ce a hankali.

"Wa? Sake ja zan yi. Wannan karon zan riƙe shi da kyau."

"Baba, saura ƙiris ka karya wuya!"

"Jibi ƙasa za ta koma laka, 'yata. Kina ganin zan ga wata ƙanƙarar?" Ya kama igiyar tayar da inji. "Matsa da Kofur, ba a tsayawa gabansa."

Ta dubi hannunsa a kan igiyar, ta dubi jan sifirin, ta dubi shingen waya da ke ƙasan gangara. In ta yi shiru, zai hau a haka. In ta kira Kaisa, tafiyar wuni ce. Lachlan, mijin Tegan, kuwa yana can kan dutse wurin aiki sai Juma'a.

"Saki igiyar nan," ta ce. "Yana gidana."

"Mene ne?"

"Sifirin ɗin. Ni na ɓoye."

Ya daɗe yana kallonta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa ta koma tari.

"Kai! Na zagi gidan waya, na zagi gwamnati, ashe ɓarauniyar na kawo mini miyar kabewa kullum."

"Ka gama dariyar. Da sharaɗi. Ni zan ja igiya, ba kai ba. Ka sha maganinka a gabana. Minti ashirin ka dawo."

"An ji, Sajan."

Ta je ta ɗauko. Ta kwantar da Nell cikin kwandon ulu a lungun da hayaƙi ba ya kaiwa, ta toshe mata kunne da hula. Yatsun Reino ba sa iya riƙe sifana, don haka shi ne baki, ita ce hannu.

"Kada ki cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan nan, kaɗan can. Danne murfin da tafinki, in ya kuɓuce zai cire miki haƙori, Lachlan ya ce ni ne."

Ta danne har hannunta ya yi tsami. Jan sifirin ya fito, ta jefa shi aljihu, ta saka mai ruwan ɗorawa, ta ɗaure. Ya sa ta goge bakin kulocin da tsumma har sai da ya yi ƙyalli. Suka jawo babur daga ciyawa suka juya hancinsa wajen tudu. Ja na huɗu injin ya tashi.

Reino ya hau, ya taɓa totur da babban yatsa, kaɗan. Babu tsuwa, babu gaf. Bel ya kama a hankali, babur ya zame gaba kamar jirgin ruwa ya bar gaɓa.

"Kin ji?" ya ɗaga murya. "Kin ji yadda ya kama? Aikinki ne wannan!"

"Minti ashirin!"

"In na kai zan ɗaga miki hannu!"

Ta sake goya Nell ta tsaya a bakin shinge. Ya bi ta tsakanin itatuwan turare, tumaki suka watse, ya ɓace a kwari, sannan ya ɓullo can sama, ɗan ɗigo a kan fari. Ya tsaya daidai tarin duwatsun ƙoli. Hannu ya ɗagu. Ta ɗaga nata, ta kamo na Nell ta ɗaga.

Minti goma. Sha biyar. Iska na kawo ƙarar injin yana sulo, bai ƙaru ba, bai mutu ba. A minti na ashirin da biyu ta kira motar asibiti, ta kama hawa. Ta bi sawun babur domin nan ne ƙanƙara ta danne ba ta nutsar da ƙafa. Nell na ta surutu a bayanta, ita kuwa kiran sunansa take har murya ta dushe.

Yana zaune daram, hannu biyu a kan kan babur, haɓarsa ta sauka kan ƙirji. Gabansa ruwan madatsa ya shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Ta cire safar hannunsa ta nemi bugun jini, ta nema a wuya, babu. Ta gyara masa hula. Sannan ta murɗa makulli, tudun ya yi tsit.

Da rana ta kira Kaisa ta faɗa mata komai, har da ɓoyon, har da wadda ta ɗaure ƙusoshin. Da ta gama, Kaisa ta tambaya:

"Ya kai saman?"

"Ya kai."

Kwana uku bayan haka ƙanƙara ta narke, gona ta koma kore da laka. Tegan na shanya kayan Nell ta ji wani abu mai nauyi a aljihun rigar sanyinta, ta laluba, jan sifirin ne. Ta ɗaga kai. Inda babur ya danne ne kawai bai narke ba tukuna: farin layi guda, daga bakin gareji, ta cikin itatuwa, har ƙolin tudu.